Fasfo na Ashirin da Biyu

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 7:20 na safe

Don aikin aji na sayi littafin nan, ba don surutu ba. Amma tun shekaranjiya na rasa wanda zan yi wa surutun, to bari takarda ta sha.

Mu ashirin da biyu ne a Sashen Hausa da za mu gama kwaleji a ƙarshen watan nan, kuma ni aka ɗora wa haɗa littafin bankwana. Kowa da shafinsa: hoto a sama, suna da laƙabi, sai halinsa, sai nasarorinsa. A can ƙarshe akwai shafi mai baƙin zagaye, kamar yadda kowane aji yake yi, na waɗanda aka fara da su ba a gama da su ba. Namu mutum ɗaya ce, Hulda, da sikila ta ɗauke muna aji biyu. Sun zaɓe ni ne don sun san ni Faustina ba na jin nauyin tsare mutum a bakin banɗaki ina neman fasfo. Shi ya sa suke ce mini Saja. Mahfuz ne ya raɗa mini sunan.

Fasfo ashirin da ɗaya ne a ambulan.

Tun Litinin aka sa dokar hana fita saboda rikicin da ya ɓarke a ƙauyuka, aka ɗage jarrabawa. Mahfuz ya tafi rugarsu ranar Juma'a, ya ce zai dawo Litinin da safe. Rugarsu tana cikin wuraren da ake ambata.

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Ya taɓa gaya mini a wajensu sai an hau wani dutse ake samun sabis, kuma bayan la'asar yake hawa. Na kira. A kashe.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 11:00 na safe

Ba shiga ba fita, don haka na zauna na fara da masu sauƙi.

Patrick Eli. Laƙabi: Rediyo. Hali: ba a kashe shi, sai dai a rage masa murya. Nasarori: shi ya tayar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sashe bayan ta shekara huɗu a mace. Ya yi shekara uku a kwaleji bai taɓa sayen biro ba.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Saja, ka rubuta ni mai kyau fa, mamana zai karanta." Na ce mamarka ta riga ni sanin abin da ta haifa. Ya yi dariya, amma gajeruwa. Ya tsaya yana kankare fentin tagar da farce, ya ce, "Ka ji wani abu?" Na ce ban ji ba. Ya tafi bai ƙara ko kalma ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

A kashe.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 1:15 na rana

An yi sujada a ɗakin taro tunda ba halin zuwa majami'a. Mai wa'azi ya ce a yi addu'a domin 'yan'uwanmu da abin ya shafa, ya jero sunayen ƙauyuka biyar. Na jira ya ƙara ɗaya, bai ƙara ba. Ni na ƙara a cikina.

Mama ta kira daga Kagoro, wai da zarar an buɗe hanya in tattaro in dawo gida, littafin bankwana ba shi zai ba ni takardar shaida ba. Na ce to. Ba zan je ba.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 9:00 na safe

Zamzam Abdulrashid. Ɗakinmu ɗaya tun aji ɗaya. Hali: za ka rantse ba ta cikin ajin, sai ranar da aka kafe sakamako. Nasarori: a makarantar da aka tura ta koyarwar gwaji, ajin ko rufi babu, ta bar yara talatin da ɗaya suna karanta sunayensu. Ita ce ta koya wa duk 'yan hostal dama fura ba gudaji.

Lucy Christopher. Laƙabi: Maman Aji. Hali: faɗa da ciyarwa, duk a lokaci ɗaya. Nasarori: ta haihu ranar Alhamis, ta rubuta jarrabawar Nahawu ranar Litinin, ta kuma fi ni maki. Har yau ban yafe mata ba.

Zamzam ta daina fita ko bakin famfo ita kaɗai. Ba wanda ya ce mata komai, in ji ta, kallo ne kawai. Bafulatana ce, haifaffiyar Kafanchan, kakanta a layin dogo ya yi aiki har ya mutu. Yau ni na ɗebo mana ruwa.

Litinin, ƙarfe 4:30 na yamma

A kashe. Mako guda.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 10:40 na safe

An sassauta dokar, daga shida zuwa shida. Jarrabawa gobe.

Na gwada shafinsa.

Mahfuz Jibir. Laƙabi: Ardo. Hali: ba ya gaggawa, ko kare ne ya biyo shi. In zai gyara maka kuskure sai ya fara ba ka haƙuri, kamar shi ya yi kuskuren. Nasarori: na ɗaya a aji shekara uku a jere. Ya bi tsofaffin matan ruga bakwai ya rubuta waƙoƙin tatsar nono sittin da huɗu don kundinsa na ƙarshe. Ya koya mini ajami a mako uku, ni da nake rubuta shi daga hagu.

Na tuna ranar da ya yi mana bayani a darasin Al'ada a kan kunyar ɗan fari. Ya ce shi ba daga littafi ya karanto ba, tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin Innarsa ba. "Kai wannan" take cewa, ko "wancan" in da baƙi. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan yaron, sai ta juya ta kalli ƙanwarta. Patrick ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wataƙila ya manta sunan ne." Har malamin sai da ya riƙe tebur. Mahfuz ya jira aka gama dariya, ya ce, "Ba ta manta ba. Ajiye shi ta yi."

Na karanta abin da na rubuta sau biyu. Ya yi kama da abin da ake karantawa a gaban akwati. Na yage shi.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 2:00 na rana

Takarda ta farko. Kujerarsa tana gaban tawa saboda lambobinmu a jere suke. Mai sa ido ya ajiye takardar tambaya a kanta, bayan rabin awa ya zo ya ɗauke. Awa biyu ina kallon bayan kujera.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 8:30 na safe

Obadiah ya dawo daga gida jiya da yamma. Shi ne shugaban ajinmu. Bayan takardar Alhamis ya tafi, suka binne ƙanin babansa jiya da safe, a gonar citta aka same shi. Ban tambayi sauran ba.

Na riga na rubuta shafinsa tun makon jiya. Hali: in ya ce ƙarfe takwas, to takwas saura. Nasarori: da acaɓa ya riƙe kansa a makaranta shekara uku bai faɗi ko darasi ɗaya ba, ya yi ta zarya ofis har aka gyara famfon hostal ɗin mata. Duk gaskiya ne. Amma wanda na gani jiya ba shi na rubuta ba.

Asabar, ƙarfe 4:30 na yamma

A kashe.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 5:15 na yamma

Taron aji a ƙarƙashin mangwaro. Da can a cuɗe muke zama, yau ban san wa ya tsara ba, amma Musulmin aji shida suna gefe guda.

Obadiah ya ce Baba Jonathan mai buga littafin ya ba mu zuwa Talata ta sama, in ba haka ba ba zai fito kafin bikin bankwana ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Faustina, ni ba na so in yi magana da yawa. Mutum ba hoto, ba jarrabawa, me yana yi a cikin littafi? Ko ki sa shi a shafin Hulda, ko ki cire shi."

Na ce ba wanda ya ga gawarsa.

Wani daga baya ya ce, "Ba wanda ya san inda yana kuma. Ko da su wa yana." Na san muryar, ba zan rubuta sunan ba, don na riga na rubuta masa "mai son zaman lafiya" a shafinsa.

Zamzam ta tashi ta kakkaɓe hijabinta ta tafi. Lucy ta ce wa mai maganar, "Wanda ya rubuta maka rabin kundinka kake faɗa wa haka? Kunya ba ya kama ka?" Daga nan kowa ya sa baki. Ni da ake ce wa Saja ina gefe ina ta matse ambulan a hammata. Na ji tsoronsu, kuma na ji haushin kaina.

Obadiah bai sa baki a hayaniyar ba. Da aka watse ya ce mini a hankali, "Talata."

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 6:45 na safe

In na sa shi a baƙin shafi, ya dawo ya buɗe ya gani fa?

In na bar shi a tsakiya, tsakanin Lucy da Obadiah, da farin fili a wurin hoto, wa nake yaudara?

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 3:30 na yamma

Takarda ta ƙarshe. Kamar yadda aka saba, kowa ya sa farar tishat, aka fito da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ana rubutu a bayan juna. A bara da na ga 'yan gaba da mu suna yi, har ihunsu ya hana mu lakca. Namu kamar layin karɓar magani.

Ni na sayo rigunan a kasuwar Kafanchan tun watan jiya, don haka ta Mahfuz tana wurina. Na shimfiɗa ta a kan kujerarsa na ajiye maka ɗaya a kai. Patrick ya fara. Ya rubuta, "Ardo, biro ɗinka yana wurina, zo ka karɓa." Lucy ta rubuta, Zamzam ta rubuta da ajami. Mutum goma sha huɗu na ƙirga. Obadiah ya tsaya a kanta ya daɗe, hannunsa a aljihu, ya fita.

Ni ban rubuta ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 7:00 na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ya kawo mini hoto. Tun ranar Alhamis ɗin can, kafin tafiyarsa, Mahfuz ya kawo, irin na katin makaranta. Na ɗaga shi sama a gaban mutane na ce wannan ai kamar wanda aka kama da akuyar sata, ba zai shiga littafina ba. Ya ce akwai mai kyau da ya ɗauka da Sallah, amma yana gida cikin akwatin Inna, kuma bai yi niyyar zuwa gida ba sai an gama jarrabawa. Na ce wannan matsalarsa ce. Na ce, "In Litinin ta yi ba ka kawo ba, a shafin Hulda zan sa ka."

Aka yi dariya, har da shi. Ya ce, "Saja, ki ji tsoron Allah."

Duk ajin sun ji. Ba wanda ya tuna mini, kuma ba wanda ya manta.

Juma'a, ƙarfe 4:30 na yamma

A kashe. Zamzam ta ce wata gwaggonta ta ji labari cewa mutanen rugarsu da suka tsira suna wata firamare a bayan gari, kuma Innarsa tana ciki.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe 5:40 na yamma

Masu Keke Napep biyu sun ƙi kai mu. Muna tsaye a bakin ƙofa ni da Zamzam sai ga Obadiah a kan babur, da kayan sujada a jikinsa. Bai tambayi inda za mu ba, ya ce, "Ku hau." Da muka isa ya kashe babur a gindin wata ɗorawa ya ce shi a nan zai jira.

Ajin 'yan firamare uku ne, an ture bencuna gefe, ga tabarmi da ƙullin kaya. Aka nuna mana Inna Maimuna a jikin allo. Ƙaramar mace ce, ƙafarta ɗaya a kumbure tun daga gwiwa, ta miƙe ta a kan buhu. Zamzam ta durƙusa ta gaishe ta da Fulatanci, ni ma na durƙusa. Da ta ji daga makaranta muke sai ta koma Hausa saboda ni.

"Wace ce Saja a cikinku?"

Na ce ni ce, Inna.

Ta kalle ni sosai. Ta ce, "Na ɗauka babba ce."

Ta ce tun da asuba ya yi sallama ranar Litinin. Har ya kai bakin hanya, tafiyar kusan awa, ya samu mota, sai ya tuna ya bar hoto a kan akwati. Ya sauka ya juyo. Ya shigo yana dariya yana cewa in ya je babu hoton nan Saja za ta yanka shi. Bai gama sa shi a aljihu ba aka fara jin abin daga yamma.

Na ce, "Inna, ni na..." Ta ɗaga mini hannu.

"Ki bari in gama, 'yata. Mazan duk sun fita da shanu. Ni da wannan ƙafar ko ƙofa ba na kaiwa. Ya goya ni. Rafi ya cika, ruwa har ƙirjinsa. A tsakiyar ruwan ya ciro wannan ya miƙo mini sama, ya ce in riƙe kada ya jiƙe, na Saja ne. Ya ajiye ni a hayi cikin mutane. Ya ce akwai tsohuwa a gidan maƙwabcinmu Ubaidullahi da ba mai ɗaukarta. Ya koma."

Ta kwance bakin zanenta. Hoton yana naɗe cikin ledar magi, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe. Farin kaftani, hula ta ɗan karkace, yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi. Gaskiyarsa, ya fi wancan kyau.

Na kasa tambayar da ta kawo ni, Zamzam ce ta yi. Ta yi mata bayanin littafin, da shafukan tsakiya, da na ƙarshen. Inna ta saurara tana shafa gwiwarta. Ta ce kwana ashirin ke nan, duk wanda zai fito ya fito, har tsohuwar gidan Ubaidullahi an gan ta a wani ƙauye da ranta.

Sai ta ce, "Mahfuz ba ya makara. Ku sa Mahfuz inda ake sa waɗanda ake yi wa addu'a."

Zamzam ta sunkuyar da kai ta toshe bakinta da hijabi. Inna ta sake faɗa, a hankali, ba da mu take ba. Mahfuz. Kamar tana ɗanɗana shi.

Da muka fito Obadiah ya ga ledar a hannuna. Na ba shi labarin a tsaye, ban rage komai ba. Ya ɗauki lokaci yana goge madubin babur da hannun riga. Ya ce, "Rigar nan yana wurinki har yanzu?" Na ce tana nan. Ya ce in kawo masa gobe da maka.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na safe

Da ban aike shi ba, da yana nan. Da bai juya ba, da Inna ba ta fita daga ɗakin can da rai ba. Tun jiya nake juya su biyun, ba wanda ya danne wani.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe 12:10 na rana

Shagon Baba Jonathan yana bayan tashar jirgin ƙasa. Ya zazzage ambulan a kan tebur ya jera fasfo, ya ce, "Ashirin da biyu, ya cika." Ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya yana gyara tabarau, har ya yi dariya a na Patrick. Da ya zo na ƙarshe ya daina.

"'Yata, wannan na ɗaya ne a aji, an gaya mini. Ba za ki sa ba? Akwai fili."

Na ce a bar shi yadda yake, Baba.

Ga abin da na ba shi, kusa da na Hulda:

Mahfuz Jibir. Laƙabi: Ardo. Hali: ba ya gaggawa, kuma ba ya makara. Nasarori: ya goyi mahaifiyarsa ya haye rafi da ita. Ya koma ɗauko wata.

Baba Jonathan ya ce shafina fa, ƙarƙashin Nasarori babu komai, ko mantuwa ce. Na ce ba mantuwa ba ce. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ɗauki biro ya rubuta "Ita ta haɗa wannan littafi", ya ce shi ba ya buga farin fili.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe 5:05 na yamma

An yi bikin, an raba littafin. Na ga mutane suna karɓa su fara buɗewa daga baya. Obadiah ya karanta sunayen aji, da ya zo kan na Mahfuz muryarsa ta tsaya, Patrick ya karɓi takardar ya ƙarasa. Gobe ni da Zamzam za mu kai wa Inna kwafi ɗaya da rigar. Hannu ashirin da ɗaya ne a jikinta yanzu, nawa a can ƙasa wajen kalmasa.

Ƙarfe huɗu da rabi ta same ni a bakin famfo, waya tana hannuna. Na tsaya har bokitin ya cika ya zuba. Ban kira ba.